Idan ganyen shuka ya canza launi a ƙarƙashin fitilar LED (fitilar lantarki ta renon shuka a cikin ɗaki)

Kafin ka ƙara taki, duba ganyen da ya fara canzawa. Idan na sama ne, waɗanda suka fi kusa da fitila, suka yi fari fat ko ruwan ɗorawa alhali na ƙasa kore ne shar, haske ne ya yi yawa. Ɗaga fitilar zuwa santimita 45 ko 60 daga kan shukar, ka bar ta a kunne awa 14 zuwa 16 kacal. Ganyen da ya riga ya yi fari ba zai dawo ba, don haka sabon toho za ka riƙa dubawa.

A Sakkwato zafi yana ƙara dagula lamarin. A watan Afirilu da Mayu yakan haura digiri 40, gefen ganye ya naɗe sama ya bushe. Ajiye bayan hannunka daidai kan shukar na minti ɗaya. Idan ya dame ka, ita ma ya dame ta. Kunna fanka, ka mayar da lokacin fitilar zuwa dare.

Tsofaffin ganye na ƙasa da suka yi rawaya gaba ɗaya, nitirojin suka rasa, wato ɗaya daga cikin sinadaran da shuka ke samu daga taki. In jijiyoyinsu kore ne tsakaninsu rawaya, sinadarin maganiziyam suka rasa: narka ƙaramin cokali ɗaya na gishirin Epsom (gishiri mai ɗauke da maganiziyam) a lita 4 na ruwa, ka ba shukar. Alamar nan a sabon toho kuwa ƙarancin sinadarin ƙarfe ce, sau da yawa ruwan rijiya mai farar ƙasa ke jawo ta. Auna pH na ruwan, wato ma'aunin tsaminsa, ka riƙe shi tsakanin 6 da 6.5.