Kula da mage da kare a gida: daga kwano ake farawa

A yawancin gidajenmu mage don ɓera aka kawo ta, kare kuma don gadi ko farauta. Amma duba abin da ake zuba musu: ƙanzon tuwo da ragowar miya, ranar da ba a rage ba kuma su nemi nasu a bola. Ina da mage biyu da kare ɗaya a gidana a Zariya, kuma abin da na lura shi ne ciwon da ke kai mu asibitin dabbobi sau da yawa daga kwanon abinci yake tasowa, ko daga tsakar gida. Akwai likitocin dabbobi a Turai da Amurka da ke cewa a dubi dabba gaba ɗayanta, cinta da shanta da makwancinta, kafin a kai ga allura. Na yarda da su a nan. Inda muka raba gari da wasunsu shi ne masu cewa a ajiye rigakafi a koma ganye.

Fara da mage, domin ita aka fi zalunta ba da sani ba. Mage maciyar nama ce zalla, jikinta bai iya rayuwa a kan hatsi ba. Akwai wani sinadari, taurin, da ke cikin nama, wanda jikin kare ke iya haɗa nasa amma na mage ba ya haɗa isasshe. Idan ta daɗe ba ta samu ba, ganinta yana raguwa har ta makance, zuciyarta kuma ta saki. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano alaƙar rashinsa da ciwon zuciyar mage, daga nan kamfanonin abincin mage suka ƙara shi a kayansu. Mu da ba kowa ke iya sayen na gwangwani ba, mahauta ce mafitarmu. Zuciyar saniya ko ta rago, ƙundun kaji da cinyar kaza duk suna da shi. Ina yanka su ƙanana, in tafasa su sama-sama ba gishiri ba dunƙule, in zuba mata har da romon, domin sinadarin yana narkewa ya koma cikin ruwan. Wanda ya zubar da romo ya zubar da wani kaso na abin da ya je nema.

Hanta kuwa a yi hattara da ita. Mage na son ta har ta ƙi komai saboda ita, amma yawanta yana tara bitamin A a jiki, ƙasusuwan wuya su sandare. Kashi ɗaya cikin ashirin na abincin ya wadatar. Tsoka zalla ma ba cikakken abinci ba ce, domin ba ta da isasshen sinadarin gina ƙashi. 'Yar mage ko kwikwiyon da aka raina a kan tsoka kaɗai sai ka ga ƙafafunsa sun lanƙwashe, ƙashi na karyewa ba wani dalili. Maganin yana kicin ɗinka: tara ɓawon ƙwai, tafasa shi, shanya shi ya bushe, daka shi a turmi ya zama gari lukui, ka barbaɗa rabin ƙaramin cokali a kan kowane rabin kilo na nama. Madarar da ake ganin gata ce, babbar mage ba ta narkar da ita sosai, zawo take sa yawancinsu. Ɗan kindirmo kaɗan ya fi sauƙi a cikinta.

Kare ya fi sauƙin sha'ani. Yana cin shinkafa, tuwo, dankalin Hausa, kabewa da karas, muddin an dafa. Nawa ina yi masa kusan rabi nama, rabi hatsi da kayan lambu. Naman ba sai mai tsada ba: tumbi, huhu, zuciya, dafaffen ƙwai, wani lokaci kifi da aka cire wa ƙaya. Tukunyarsa daban take, ana ɗibar masa kafin a sa kayan miya. Kada ka ba shi dafaffen ƙashi, musamman na kaza, domin yana tsagewa ya yi tsini ya huda hanji. Babban kare sau biyu a rana ya ishe shi, kwikwiyo sau uku zuwa huɗu. Don sanin ko abincin ya yi daidai, shafa haƙarƙarinsa: ya kamata hannunka ya ji ƙasusuwan ba tare da ka danna ba, amma kada ido ya ƙirga su daga nesa. Mai halin sayen busasshen abinci na buhu ya duba ranar lalacewa, ya ajiye shi inda danshin damina ba zai sa ya yi funfuna ba, kuma ya gauraya shi da tsohon abincin a hankali tsawon mako guda.

Dalilin raba tukunya shi ne albasa. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da mage, kuma miyarmu ba ta rabuwa da albasa. Ba a ranar ake gani ba, sai bayan kwanaki dabba ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Masu cewa tafarnuwa na kashe tsutsar ciki, su bar wa kansu. Goro da cakulan suna da sinadaran da ke sa zuciyar kare bugu ba ƙaƙƙautawa har ya kai ga jijjiga. Inabi da zabibi suna iya lalata masa ƙoda. Mafi muni shi ne maganin mutane: ƙwayar Panadol guda ɗaya tana iya kashe mage, ibuprofen da diclofenac kuma suna yi wa kare gyambon ciki su taɓa ƙoda. Idan kana da mage, fitar da shinkafar ɓera daga gidan, domin ɓeran da ya ci guba shi ne mafi sauƙin kamu.

Ruwa a inuwa, a canza shi kullum. Kare mai kilo 20 yana shan lita ɗaya ko fiye a rana, a zafin Maris da Afrilu kuwa ya zarce haka nesa. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki, don haka ɗaure shi a rana a kan siminti azaba ce da ke iya kashe shi. Mage ba ta cika shan ruwa ba, shi ya sa abinci mai romo ya fi mata.

Sai kaska, wadda na fi daɗewa ina fama da ita. Ba shan jini kaɗai take yi ba, tana ɗauke da cututtukan da ke kawo zazzaɓi da ƙarancin jini. Kaskar kare tana ɓuya a tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa, ta yi ƙwai a can, don haka in ka wanke kare ka bar ɗakinsa, aikin baban giwa ka yi. Share makwancin, liƙe tsagogin da siminti, wanke buhun da yake kwana a kai ka shanya a rana. A jikinsa duba cikin kunne, wuya da tsakanin yatsu, ka kama kaskar daf da fata ka ja a hankali. Kada ka shafa kananzir, baƙin mai ko fiya-fiya, duk na ga ana yi, kuma dabbar lashewa take yi. Maganin kaskar shanu ba a auna shi da ka don kare. Maganin kare mai ɗauke da permethrin kuma guba ne ga mage, ko da gogar jikin karen kawai ta yi. Karanta kwalbar, ko ka tambayi likita.

Maganin tsutsa ana fara ba kwikwiyo yana da mako biyu, a maimaita duk mako biyu har wata uku, babba kuma duk wata uku. Allurar da ke kare kwikwiyo daga cutar fabo, mai amai da zawon jini, ana fara ta a mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Kafin ta cika kada ya fita yawo. Mage ma tana da tata.

Allurar haukan kare ba ta da madadi, babu saiwa ko ganyen da ke tsaya mata. Ana yin ta a wata uku, a sabunta duk shekara, har da mage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan ba a tsira. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana haɗa allurar a nan gida, kuma a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan yi ta kyauta a wasu wurare. Karɓi katin shaida ka adana. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Duk Juma'a da yamma ina ɗaga leɓen kowannensu in ga dasashi. Mai lafiya ja-ja ne mai haske, fari ko rawaya alamar matsala ce. In ja fatar bayan wuya in saki: in ba ta koma nan take ba, jiki ya rasa ruwa. Abubuwa uku ba na jira da su sai gobe: kwikwiyo mai zawon jini, magen da ta kwana biyu ba ta ci ba, domin hantarta na iya lalacewa, da muzurun da ke ta tsugunno yana nishi fitsari bai fita. Wannan na ƙarshe mafitsara ce ta toshe, kuma kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya mutu. Mu a nan asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello muke nufa, akwai irinsa a Sakkwato da Maiduguri, sauran garuruwa kuma a nemi asibitin dabbobi na gwamnatin jiha.