Yadda ake biyan kuɗi da ba da tukuici a gidan abinci a Amurka

Tun kafin ka zauna, ka sa a ranka cewa farashin da ke jikin takardar abinci ba shi ne abin da zai fita daga aljihunka ba. A yawancin jihohi za a ɗora haraji a kai, ga kuma tukuicin mai kawo abinci. Abincin dala 40, ka lissafa shi a kusan dala 50.

Da ka shiga, kada ka wuce kai tsaye ka ja kujera. Tsaya a bakin ƙofa har mai tarbar baƙi ya tambaye ka ku nawa ne, ya kai ku teburi. In kana son wani abu, haɗa ido da mai kawo abincin ka ɗan ɗaga hannu. Kiran "sss!" da muke yi wa mai shayi, ko tafa hannu, can raini ne tsagwaronsa. Ya ajiye ruwa, ka ce ka gode. Ya ƙara, ka sake godiya. Ba sa gajiya da jin ta.

Batun tukuici nan ne baƙo ke shan kunya, don yana ɗauka alheri ne na ganin dama. Dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikacin da ke karɓar tukuici dala 2.13 a awa, kuma tun 1991 adadin bai motsa ba, sai dai in abin da ya samu bai kai mafi ƙarancin albashi na dala 7.25 a awa ba mai gidan ya cika masa. Jihohi irin su Kaliforniya sun hana wannan ragin, amma ko can mutane na bayarwa. Wanda ya tashi bai bar komai ba, gumin ma'aikacin ya ci.

Abin da aka saba shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin 100, kuma yanzu 20 ɗin ya fi zama ruwan dare. Lissafin ba wuya: cire kashi ɗaya bisa goma, ka ninka shi. Kuɗinka dala 46 ne, ushirinsa 4.60, ninkinsa 9.20.

Amma duba rasit tukuna. In kun kai mutum shida ko fiye, gidaje da yawa kan sa kashi 18 da kansu, kada ka biya sau biyu. In da kati za ka biya, sau da yawa mai kawo abincin zai tafi da katin ya dawo da biro da takarda biyu, ɗaya ta gidan abincin, ɗaya taka. A tasu za ka rubuta tukuicin a layin da aka sa "Tip", ka haɗa jimilla a ƙasa, ka sa hannu, ka ɗauki taka. In tsabar kuɗi ka bari a teburi, ja layi a wurin "Tip" ɗin.

Abinci ya zo da sanyi ko gishiri ya yi yawa? Wannan aikin kicin ne. Nemi manaja ka faɗa masa cikin lalama, kada ka huce a kan wanda ya ɗauko faranti. Shagon kofi da ake juyo maka allon neman tukuici kuwa, ka danna ko ka ƙi, babu mai harararka.

Kada ka ɗauki wannan lissafin ka tsallaka Ingila da shi. A Landan galibi sun riga sun ɗora kashi 12.5 a rasit, kuma tun Oktoban 2024 doka ta tilasta a miƙa wa ma'aikata kuɗin gaba ɗaya. In ka ga an sa, biya ka tashi.