Kurakuran da aka fi yi wajen bin salsalar ƙananan mutum-mutumin tagulla na Italiya

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ga siffa iri ɗaya a ɗauka abu ɗaya ne. Giambologna, shahararren maƙerin mutum-mutumi, ya rasu a Fulorans a 1608, amma Antonio Susini da Pietro Tacca, waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, sun ci gaba da zuba tagulla da samfuransa shekara da shekaru. Saboda haka in tsohuwar takarda ta ce wani basarake ya mallaki mutum-mutumin Mars, gunkin yaƙin Rumawa, na Giambologna, ba lallai ne wanda ke gabanka take nufi ba. Kowane zubi da nasa tarihin. Mars ɗin da ke Dresden a Jamus an san shi tun 1587, ya bar taskar birnin a 1924, ya dawo a 2018, kuma wannan tarihin nasa ne shi kaɗai, 'yan'uwansa ba su da gado a ciki. Gyaran shi ne ka auna tsayi, ka juya shi, ka leƙa ciki da ƙarƙashi. Na sarakunan Faransa ma an zana musu lambar rajista a jikin ƙarfen, sai ka gwada ta da littafin rajistar.

Sai ruɗuwa da manyan sunaye. Attajirin Amurka J. P. Morgan ya rasu a 1913, dillali Duveen ya sayi tagullansa, wani attajirin, Henry Clay Frick, ya ɗebi da yawa a 1916. Wannan ya nuna hannayen da abin ya bi, bai nuna wanda ya ƙera shi ba. Da yawa da ake dangantawa da maƙeri Riccio a wancan zamani, yau an mai da su ga wani maƙerin, Severo na Ravenna.

Giɓin 1933 zuwa 1945, zamanin mulkin 'yan Nazi a Jamus, kuwa ba a tsallake shi. 'Yan Nazi sun ƙwace kayan iyalan Rothschild na Biyana a 1938, wasu ba a mayar ba sai 1999. In ba ka san inda abin yake a shekarun nan ba, rubuta haka ƙarara, kada ka lulluɓe da "daga hannun wani attajiri a Turai".

Kada kuma ka dogara da gindin marmara. Sau da yawa daga baya aka sa shi, takardar da ke manne a ƙarƙashinsa kuwa tana iya zama ta wani mutum-mutumin ce da ya taɓa tsayawa a kai.