Yadda ake rage dogon Turanci a rubutu

Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin cewa tsawon jimla shi ne iya Turanci. Sai mutum ya ɗauki maganar da kalma goma za ta ishe ta, ya naɗe ta da talatin, ya ji ya burge. Shi kuwa mai karatu neman saƙon yake yi, duk kalmar da ba ta ɗauke da komai tsaiko ce a hanyarsa. Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Masu harshen ma sai da majalisar Amurka ta yi doka a 2010 da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta wa jama'a takardu cikin Turanci mai sauƙi.

Matakin farko, kada ka haɗa rubutu da yanka a zama ɗaya. Rubuta duk abin da ke ranka ka gama, ka ajiye, ko da na awa guda ne. Idan ka dawo, duba adadin kalmomin, Microsoft Word da Google Docs duk suna ƙirgawa, ka rubuta shi a gefe. Ni nakan sa wa kaina rage kashi ɗaya cikin goma, kuma da wuya in kasa.

Daga nan ka bi farkon jimloli, don a nan ake yawan gyaran murya. "I am writing to inform you that", "It is important to note that", "It should be mentioned that": goge su ka ga ko jimlar ta rasa wani abu. Ba za ta rasa ba. Wanda ke riƙe da wasiƙarka ai ya san rubutu ka yi masa.

Mataki na uku aikin na'ura ne. Danna Ctrl da F, ka nemo jerin kalmomin da guda ɗaya ke iya maye gurbinsu. "Due to the fact that" ya koma "because", "in the event that" ya koma "if", "at this point in time" ya koma "now", "in order to" ya koma "to".

Na huɗu shi ne inda ribar take, kuma shi ya fi wuyar ganewa, domin jimlar ba ta da kuskuren nahawu ko ɗaya. Turanci yana da halin mayar da aikatau suna, sannan ya aro wani rarraunan aikatau ya jingina masa. A maimakon "decide" sai ka ga "make a decision", a maimakon "discuss" sai "have a discussion". Alamarsu ita ce ƙarshen kalma: -tion, -sion, -ment, -ance. Idan ka ga irinsu kusa da make, give, have, conduct ko carry out, tono aikatau ɗin da aka binne. "The committee carried out an investigation of the matter" kalma 9 ce. "The committee investigated the matter" kalma 5. Ban da gajarta, ta biyun ta fi nuna wanda ya yi aikin. Haka jimlar da ke tura mai aiki can ƙarshe: "The report was written by the secretary" ta fi daɗi a "The secretary wrote the report". Amma idan ba a san mai aikin ba, ko ba shi ne abin magana ba, bar ta yadda take.

Sai tagwayen kalmomi masu ma'ana ɗaya: "return back", "repeat again", "end result", "each and every". A Hausa nanatawa ƙarfi take ƙara wa zance, shi ya sa hannunmu ke saurin kaiwa gare su, amma a rubutaccen Turanci ɗaya ta wadatar. Haɗa da very, really, actually da basically, waɗanda galibi cikon baki ne.

A nan fa sai an yi hattara, kada garin neman gira a rasa ido. Akwai ƙananan kalmomin da su ne ginshiƙin magana. Cire "alleged" daga labarin wanda ake zargi, ka yanke masa hukunci tun kotu ba ta zauna ba. Cire "may" ko "about", hasashe ya zama tabbas. "The" da "a" kuma ba kwalliya ba ne, nahawu ne, kada ka taɓa su don neman gajarta.

Daga ƙarshe karanta da babbar murya. Inda numfashinka ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, akwai sauran aiki. Gwada da wannan mai kalma 28: "I am writing to inform you that due to the fact that the meeting was postponed, a decision will be made by the committee at a later date." Cire gyaran murya, musanya dogon jerin, tono aikatau, dawo da kwamitin gaba, sai ta koma kalma 10: "Because the meeting was postponed, the committee will decide later."