Ciwon Numfashi Ba a Ƙirji Kaɗai Yake Tsayawa Ba: Kurakuran da Ke Cutar da Zuciya da Ido

Da zarar hazo ya sauko a Sakkwato, daga Nuwamba har zuwa wajen Fabrairu, sai ka ga kemis-kemis sun cika da masu asma da tsofaffi masu tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kowa maganin ƙirji yake nema. Kaɗan ne ke tambayar abin da shekarun nan na wahalar numfashi suka yi wa zuciyarsu, wanda zai tuna da ido kuwa sai an tona. Alhali duk jinin da ya fito daga ɓangaren dama na zuciya sai ya ratsa huhu kafin ya tafi ko'ina, jijiyar gani kuma tana cikin sassan jiki da ba su jure ƙarancin iskar oksijin. Wani lokacin ciwon ne ke yin ɓarnar, wani lokacin kuma maganin da aka sha ba bisa ƙa'ida ba.

Ƙafa ta kumbura, an ce tsufa ne

Dattijuwar da ta shekara talatin tana girki da itace a rufaffen madafi, ko dattijon da ya daɗe yana shan taba, ko wanda tarin fuka ya bar wa tabo a huhu, idan ƙafafunsu suka fara kumbura, a gida akan ce sanyi ne ko yawan zama. Wasu ma sammu suke zargi. Sai a yi ta shafa man zafi ana jiƙe-jiƙe.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Idan huhu ya daɗe ba ya samun isasshiyar iska, hanyoyin jinin da ke cikinsa sukan tsuke. Ɓangaren dama na zuciya, wanda bangonsa bai kai na hagu kauri ba, sai ya riƙa tura jini da ƙarfin da ya fi ƙarfinsa. A hankali ya buɗe, ya gaji, jini ya fara taruwa a baya. Daga nan ne ƙafa ke kumbura, hanta ta yi nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, jijiyoyin wuya su fito raɗau. Gyaran shi ne a kai mutum asibiti a duba huhu da zuciya tare: a maƙala masa ɗan abin auna oksijin a yatsa, a yi gwajin busa iska, a ɗauki hoton ƙirji da na zuciya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da likitocin zuciya da na ƙirji. Kada a sayo maganin sa fitsari a kemis don kawai kumburin ya saɓe, domin yana kwashe sinadaran jini da bugun zuciya ya dogara a kansu.

Gudun inhela, rungumar ƙwaya

Wannan ne kuskuren da ya fi damuna, domin ya fi kowanne yawa, kuma masu yinsa gani suke dabara ce. Maganar da ake yi ita ce wanda ya fara shaƙar inhela ba ya rabuwa da ita har abada. Saboda haka uwa za ta hana ɗanta inhela, ta aika a sayo prednisolone ko dexamethasone, waɗanda arha ne kuma cikin kwana ɗaya ƙirji ya buɗe. Da numfashi ya sake tsukewa sai a koma. Wata ya zama shekara.

Waɗannan ƙwayoyi dangin sitiroyid ne, irin waɗanda wasu ke sha don su yi ƙiba. Idan aka daɗe a kansu suna haddasa yanar ido tun mutum bai tsufa ba, suna kuma ɗaga matsin ruwan cikin ido a wasu mutane har ya zama gilakoma, wadda muke kira hawan jinin ido. Yanar ido ana yin aiki a cire ta, gani ya dawo. Abin da gilakoma ta ci kuwa ya tafi ke nan, kuma daga gefe take fara ci ba tare da zafi ba, mutum ba ya ankara sai gani ya rage kamar mai leƙe ta bututu. A ɓangaren zuciya, ƙwayoyin suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, su ɗaga hawan jini, su tayar da ciwon suga, waɗanda su ma ido da zuciya suke komawa su ci.

Inhelar rigakafi ita ma sitiroyid ce, amma ƙanƙanin awo ne da ke tafiya kai tsaye cikin huhu, abin da ke shiga jini bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da ƙwaya. Ba ta sa jaraba. Wanda ya daɗe a kanta, ciwonsa ne mai daɗewa. A kurkure baki bayan an shaƙa, shi ke nan. Likita na iya ba da ƙwayar ta 'yan kwanaki idan asma ta tashi sosai, wannan daidai ne. Amma wanda ya riga ya shafe watanni yana sha, don Allah kada ya yanke ta rana ɗaya bayan karanta wannan, domin jiki ya saba, yankewar gaggawa tana iya kayar da mutum. Ya je likita ya rage masa a hankali, sannan ya nemi a auna masa matsin ido.

Akwai kuma masu akasin haka, waɗanda shuɗiyar inhelar salbutamol ce kaɗai abin dogaronsu, suna fesawa safe, rana da dare har hannu na rawa zuciya na dukan uku-uku. Tana buɗe hanyar iska na ɗan lokaci ne, ba ta kashe kumburin da ke ciki. Wanda ke ƙarar da gwangwani 3 ko fiye a shekara, asmarsa ba ta kwanta ba, yana buƙatar a sake masa tsarin magani.

Likitan ido bai san kana da asma ba

Mutane ba sa lissafa maganin ɗigawa a ido cikin magunguna. Sai dai ɗigon yakan bi ta ɗan ramin hawaye ya sauka hanci ya shiga jini. Timolol, wanda ake yawan bai wa masu gilakoma, yana iya tsuke hanyar iskar mai asma har ta kai ga halaka, yana kuma rage gudun bugun zuciya. Faɗa wa likitan ido kana da asma tun kafin ya ɗauki biro, akwai wasu magungunan da zai musanya da su. Kowane irin ɗigo aka ba ka, rufe idon ka danne kusurwar da ke kusa da hanci na minti 1 zuwa 2.

Haka idan ana turara wa tsoho ipratropium, wani maganin buɗe hanyar iska, da na'ura, abin rufe fuskar ya zauna daram, kada tururin ya riƙa shiga ido, domin yana iya tayar da gilakoma ta farat ɗaya: ido ya yi ja, ya yi zafi, kai na sarawa, ana ganin bakan gizo kewaye da fitila. Wannan a ranar ake zuwa asibiti. Masu shan maganin tarin fuka na wata 6 su sani cewa ɗaya daga cikin magungunan, ethambutol, yakan taɓa jijiyar gani a wasu. Idan gani ya dusashe ko ja da kore suka fara rikicewa, a koma inda ake karɓar maganin nan take a faɗa musu. Kada a jefar da maganin gaba ɗaya a zauna a gida.

Minshari

An mayar da shi abin tsokana tsakanin miji da mata. Amma idan mai minsharin yana yin shiru kamar numfashi ya ɗauke, sannan ya farka da shaƙewa, ya tashi da ciwon kai, ya yi ta gyangyaɗi a shago ko a kan sitiyari, to maƙogwaronsa ne ke rufewa a cikin barci, sau da yawa a dare ɗaya. Kowace rufewa oksijin na sauka, hawan jini na tashi. Shi ya sa ake samun wanda ke shan maganin hawan jini kala uku amma awo ya ƙi sauka. Ciwon yana da alaƙa da rikicewar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma an fi samun gilakoma da toshewar jinin jijiyar gani a masu shi. Mai shi ba ya jin kansa, don haka uwargida ce shaida, ya kamata a tafi da ita wurin likita. Rage ƙiba, kwanciya a gefe da barin ƙwayar barci suna taimakawa, wasu kuma sai da na'urar da ke hura iska a hanci da dare.

Ba duk kukan ƙirji ne asma ba

A nan ƙasarmu wannan magana ta fi shafar masu jego. Binciken da aka buga a 2007 daga Sakkwato ya samu raunin zuciya na bayan haihuwa a kusan mace 1 cikin kowace haihuwa 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Maijegon da ba ta taɓa asma ba, ta fara haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da filo, tari na tashinta da dare, ƙafa ta kumbura, kada a ara mata inhelar maƙwabciya. Ruwa ne ke taruwa a huhunta saboda zuciya ta gaza. A dakatar da kunun kanwa, domin gishirin da ke cikinsa ƙara riƙe ruwa yake yi, a kai ta asibiti ko da ba a yi arba'in ba.

Sai hayaƙi, wanda kowa ya sani amma aka raina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020, kuma kaso mafi girma ciwon zuciya ne ya kashe su. A fitar da murhu fili, a bar itace ya bushe, kada a kwana da garwashi ko janareta a rufaffen wuri don sanyin hunturu, turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi a kunna su lokacin da mai ciwon ba ya ɗakin. Masu toya ƙosai da masa, masu gasa nama da masu aikin siminti a wajen Kalambaina su riƙa sa takunkumi.

Duk asibitin da za a je, na ido ne ko na zuciya ko na ƙirji, a zuba dukkan magungunan a leda ɗaya a tafi da su, har da ɗigon ido da na gargajiya. Mai shekara 40 zuwa sama da ke da ciwon numfashi, ko duk wanda ya daɗe a kan sitiroyid, a auna masa matsin ido sau ɗaya a shekara ko da yana gani garau. Idan kuwa leɓe ya canza launi, ko mutum ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko ƙirji ya yi nauyi yana zufa, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, ba a jiran gari ya waye.