Yadda Ake Lissafin Lokacin Fitowar Bizar Ziyara da Sake Nema Bayan An Hana

Da yawa daga cikin waɗanda aka hana bizar ziyara sau biyu ko uku a jere, abin da ya ja musu shi ne komawa ofishin jakadanci da takardun da aka riga aka ƙi amincewa da su, suna fatan za su faɗa hannun wani jami'i mai sassauci. Wannan hanya tana cin kuɗi da lokaci, kuma tana ƙara tsawon tarihin hani a kan sunan mai nema. Akwai matakan da ya kamata a bi tun daga lissafin kwanakin jira har zuwa ranar da za a sake shigar da buƙata.

Mataki na farko shi ne ka san ranar da lissafi yake farawa, domin ba ranar da ka cike fom a intanet ba ce a kowace ƙasa. Birtaniya tana yanke hukunci a kan bizar ziyara cikin kimanin makonni 3, kuma tana fara ƙirga ne daga lokacin da aka ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Wanda ya biya kuɗin gaggawa, inda ake da wannan tsari, yakan sami amsa cikin kwanakin aiki 5. Ƙasashen yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda ɗaya, suna da ƙa'idar kwana 15 daga ranar da aka karɓi cikakkiyar buƙata, amma doka ta ba su damar tsawaitawa zuwa kwana 45 idan ana bukatar ƙarin bincike. Ita kuwa Amurka, doguwar jiranta tana wajen samun ranar ganawa da jami'in biza, wadda takan bambanta daga ofishi zuwa ofishi, alhali shi hukuncin galibi a wurin ganawar ake faɗa maka. Kanada tana wallafa tsawon jiran kowace ƙasa a shafinta, kuma adadin yana sauyawa a kai a kai, don haka ka duba shi a makon da za ka nema.

Bayan ka san haka, sai ka shigar da buƙatarka da wuri. Schengen ta yarda a nema tun watanni 6 kafin tafiya, Birtaniya kuma watanni 3. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin fasfonka ya dawo hannunka, kuma ka tuna cewa lokacin hutun bazara da ƙarshen shekara ofisoshi sukan cika.

Idan amsar ta zo da hani, aikin da ke gabanka shi ne karanta takardar da aka ba ka a tsanake, layi bayan layi. A ganina wannan shi ne matakin da aka fi yi wa sakaci, domin ɓacin rai yakan sa mutum ya ninke takardar ya ajiye. Ofisoshin Schengen suna ba da fom guda ɗaya mai jerin dalilai, a yi alama a kan wanda ya shafe ka. Birtaniya takan rubuta bayani, har ta ambaci abin da ya sa jami'in shakka a cikin takardun bankinka. Amurka tana ambaton sashen doka: 214(b) yana nufin ba ka gamsar da jami'in cewa za ka koma gida ba, shi kuwa 221(g) yana nufin akwai takardar da ta rage ko ana ƙarin bincike, kuma ana ba da shekara guda a kawo abin da aka nema ba tare da sake biyan kuɗi ba. Wanda ya cuɗa waɗannan biyun zai iya cike sabon fom alhali tsohuwar buƙatarsa tana nan a buɗe.

Daga nan sai gyara, kuma a nan ne ya kamata ka ɗauki lokaci. Batun kuɗi ya fi komai jawo shakka. Ɗauki misalin ma'aikacin da albashinsa yake shiga asusunsa a ƙarshen kowane wata, sai ga kuɗi ninki goma na albashin sun shiga makonni biyu kafin ya nemi biza, babu wata takarda da ta nuna daga ina suka fito. Jami'in zai ɗauka aro aka yi don a cika asusu. Idan kuɗin na sayar da mota ne, ko gado, ko ribar kasuwanci, to a haɗa da takardar cinikin ko shaidar rabon, yadda adadin da ke jikinta zai yi daidai da wanda ya shiga banki. Haka kuma albashin da ke rubuce a wasiƙar wurin aiki dole ya dace da wanda ke bayyana a asusu, kuma abin da ka ce za ka kashe a tafiyar ya zama wanda mai samu irin naka zai iya kashewa ba tare da ya ƙarar da ajiyarsa ba.

Sai kuma abin da zai dawo da kai gida. Takardar izinin hutu mai ɗauke da ranar komawa aiki, rajistar kasuwanci, shaidar karatu, takardun gida ko fili, da iyalin da suke ƙarƙashin kulawarka, su ne suke magana a madadinka. Takardar gayyata tana da amfani wajen bayyana dalilin tafiya da masauki, amma ba ta tabbatar da cewa za ka dawo. Ka kuma taƙaita kwanakin ziyarar daidai da dalilinta, domin mai cewa zai halarci bikin yaye ɗalibai na kwana ɗaya, sannan ya nemi zaman wata uku, ya buɗe wa kansa ƙofar tambaya.

Game da lokacin sake nema, Amurka da Birtaniya da Kanada da ƙasashen Schengen ba su sanya wa'adin jira ga wanda aka hana don rashin gamsarwa ba; za ka iya nema ko washegari, da sabon fom da sabon kuɗi. Sai dai sauri ya haifi nawa. Idan takarda ɗaya ce ta rage, to ka nema da zarar ka same ta. Idan kuwa matsalar ta aiki ce ko ta asusu, ka jira har watanni su nuna canjin a rubuce. A sabuwar buƙatar ka haɗa da gajeriyar wasiƙa da take ɗaukar dalilan hanin ɗaya bayan ɗaya, tana nuna takardar da ta amsa kowanne.

Inda fom ya tambaya ko an taɓa hana ka biza, ka faɗi gaskiya, ko da wata ƙasa ce ta hana ka, domin ƙasashe da dama suna musayar bayanan zanen yatsu. Hukuncin ƙarya ya fi na hani tsanani nesa ba kusa ba: Birtaniya tana iya haramta shiga har shekara 10, Kanada shekara 5, Amurka kuma haramcinta na dindindin ne. Saboda haka ko wani ne ya cike maka fom, ka karanta kowane layi kafin a aika, tunda kai ne za ka ɗauki alhakin abin da aka rubuta.

Wanda yake ganin kuskure aka yi masa yana iya ɗaukaka ƙara a ƙasashen Schengen, kuma takardar hanin tana faɗin inda za a kai ƙarar da wa'adinta. Hani a ƙarƙashin 214(b) ba shi da ɗaukaka ƙara, galibin hanin bizar ziyara ta Birtaniya ma haka yake, sai dai a sake nema. A Kanada ana iya neman Kotun Tarayya ta duba hukuncin cikin kwana 60 ga wanda yake wajen ƙasar, kuma wannan aiki ne da ya fi dacewa a ba lauya mai lasisi.