Yadda ake warware tambayoyin fiziks na jami'a: lantarki, zafi da kwantam

Yawancin makin da ɗalibai ke asara a fiziks yana zubewa ne kafin a taɓa kalkuleta. Mutum ya karanta tambaya, ya ga kalmar "caji" ko "zafi", sai ya fara lalube a kansa wace fomula ce ke ɗauke da haruffan da aka ba shi. Wannan dabara tana iya fitar da kai a sakandare, amma a aji biyu na jami'a ta ƙare, domin a nan ana tambayar ka ne ka gane wace doka ce ke aiki, kuma a wane sharaɗi.

Fara da zane, ko da tambayar ba ta nema ba. Rubuta abin da aka ba ka da abin da ake nema, ka mayar da komai ma'aunin SI tun a layin farko: santimita ta koma mita, giram ya koma kilogiram, Selshiyas ya koma Kelbin. Sannan ka yi aikin da haruffa har ƙarshe, kada ka zuba lambobi sai fomularka ta tsaya da ƙafarta. Idan ka zuba lambobi da wuri, kuskure zai ɓuya a cikinsu, kuma malamin da ke duba takarda ba zai ga inda zai ba ka makin hanya ba.

Lantarki da maganaɗisu

Dokar Gauss gaskiya ce a ko'ina, amma ba ko'ina take da amfani ba. Tana ba ka filin lantarki cikin sauƙi ne kawai idan cajin ya bazu daidai ta yadda za ka iya kewaye shi da siffar da filin ke da ƙarfi ɗaya a kanta. Siffofin uku ne: ƙwallo, doguwar waya, da shimfiɗaɗɗen faranti. Idan sanda ce gajera, ko zobe, ka haƙura da Gauss, ka yanka cajin gunduwa-gunduwa ka tara da intigireshan.

Ɗauki doguwar waya mai cajin λ = 2 × 10⁻⁶ C a kowace mita, ana neman filin a nisan santimita 5. Kewaye wayar da gwangwani na tunani mai tsawo L da nisa r daga tsakiya. Filin yana fita ta gefe ne, don haka murfin sama da na ƙasa ba sa ba da komai. Abin da ya rage shi ne E(2πrL) = λL/ε₀. L ya kashe L, saura E = λ/(2πε₀r). Da ε₀ = 8.85 × 10⁻¹² da r = 0.05, amsa ta kama kusan 7.2 × 10⁵ N/C. Wanda ya bar r a matsayin 5 zai samu amsar da ta gaza sau ɗari. Wanda kuma ya ga r² a amsarsa ya san ya ari dokar ɗigon caji ya kawo ta inda ba wurinta ba.

A dokar Faraday, kusurwar da ke cikin BA cos θ (B ƙarfin filin maganaɗisu, A faɗin nadin wayar) tsakanin filin maganaɗisu ce da layin da ya tsaya cak a kan fuskar nadin wayar. Tambaya takan ba da kusurwa da ita fuskar, da gangan, don a ga wanda zai tuna ya cire ta daga digiri 90.

Zafi da aiki

A nan alama ce ke kayar da mutane. Yawancin littattafan fiziks suna rubuta doka ta farko ΔU = Q − W, inda ΔU canjin makamashin cikin gas, Q zafin da ya shiga, W kuma aikin da gas ya yi. Na kemistiri sukan rubuta ΔU = Q + W, inda W aikin da aka yi wa gas. Duka biyun daidai ne. Zaɓi ɗaya, rubuta ta a saman takarda, kada ka canza doki a tsakiyar rafi.

Tambaya ta gaba da za ka yi wa kanka ita ce mene ne bai canza ba: zafin jiki, matsi, girman wuri, ko kuwa babu zafin da ya shiga ko ya fita? Amsar ita ke zaɓa maka fomular aiki. Misali, mol 1 na gas na ƙa'ida a 300 K ya faɗaɗa a hankali har girmansa ya ninka biyu, zafin jikinsa bai motsa ba. Tunda T bai canza ba, ΔU sifili ne, Q kuma daidai yake da W. Aikin shi ne nRT ln(V₂/V₁), wato 8.314 × 300 × 0.693, kusan 1729 J. Idan ka samu 751 J, ka danna log ne maimakon ln. Canjin entirofi kuwa Q/T ne, 5.76 J/K.

Ga tarkon da malamai ke so. A ce gas ɗin nan ya bazu ne cikin wani ɗaki da babu komai a ciki har girmansa ya ninka biyu, bango kuma ba ya barin zafi ya wuce. Q sifili, W sifili. Ɗalibai da yawa sai su ce entirofi ma bai canza ba. Ya canza, kuma da 5.76 J/K ɗin nan dai, domin entirofi ya dogara ne da inda aka tashi da inda aka sauka. Fomular Q/T tana aiki ne a hanyar da za a iya komawa baya a cikinta, don haka sai ka ƙirƙiri irin wannan hanya tsakanin wuraren biyu ka yi lissafi a kanta.

Injin Carnot da ke aiki tsakanin 327 °C da 27 °C ingancinsa 1 − 300/600 ne, kashi 50 cikin ɗari. Da Selshiyas za ka samu kashi 92, amsar da ya kamata ta ba ka tsoro tun kafin ka ja mata layi.

Kwantam

Tsoron da ake yi wa wannan fanni ya fi wahalarsa, aƙalla a tambayoyin farko. Tsarin kusan ɗaya ne kullum: rubuta lissafin Schrödinger a kowane yanki, warware shi, sannan ka tilasta wa ψ, wato amsar lissafin, ta bi sharuɗɗan iyaka. Daga waɗannan sharuɗɗa ne matakan makamashi ke fitowa.

Ilektiron a cikin akwati mai faɗin L da bangon da ba ya ƙetaruwa: dole ψ ta zama sifili a x = 0 da x = L. Wannan ya bar ψ = A sin(nπx/L), kuma n yana farawa daga 1, domin n = 0 yana nufin babu ilektiron ɗin gaba ɗaya. Jimillar yiwuwar samunsa a akwatin 1 ce, daga nan A = √(2/L). Makamashi kuwa Eₙ = n²h²/(8mL²). Da L = 1 nm, h = 6.626 × 10⁻³⁴ da m = 9.11 × 10⁻³¹, E₁ ya zo 6.02 × 10⁻²⁰ J. Raba da 1.602 × 10⁻¹⁹ ka samu 0.376 eV. Kula da h da ħ (wato h/2π): fomular da ke da π² a sama da 2mL² a ƙasa ħ take nema, kuma musanya su yana karkatar da amsa kusan sau 39.

Idan ilektiron ya sauko daga n = 2 zuwa n = 1, bambancin 3E₁ ne, 1.13 eV. Haddace hc = 1240 eV·nm, zai rage maka aiki sosai: 1240/1.13 ya ba da tsawon zango kusan 1100 nm, hasken da ido ba ya gani.

In aka nemi yiwuwar samun ilektiron a sulusin tsakiya na akwatin a matakin farko, |ψ|² za ka tara daga L/3 zuwa 2L/3. Amsa 0.61 ce. Ta fi sulusi, kuma haka ya dace, tunda ψ ta fi tudu a tsakiya. Kafin ka danna sin, duba fuskar kalkuletarka ka tabbata RAD ne a rubuce, domin π ɗin da ke cikin wannan lissafi radiyan yake nufi.